Fatun Layyar Idrissa Mai Ruwa

Shekara goma sha ɗaya Idrissa ya yi yana tura kurar ruwa a Agege, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya kawo masa jarka ba a cike ba. Mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye da ake kira Gidan Jumare a ƙasar Tasawa. Dogo ne siriri, marar yawan magana, in yana tura kura sai ka ga ƙasusuwan bayansa ta cikin riga. Jarka goma sha biyu kurar take ɗauka. Da an sallame asuba zai cika su a famfon bayan layin dogo, ya bi lungu-lungu yana saukewa, ya koma ya sake cikawa, har rana ta faɗi. Gidajen Hausawa da na Yarbawa duk nasa ne. Ya san gidan da ake jego, ya san gidan da tsohuwa ke kwance ba mai ɗebo mata, kuma irin waɗannan gidaje su yake fara kai wa.

Wata shekara da gero bai yi ba ta koro shi Legas. Ya fara da dako a Ijora, yana sauke buhuna daga manyan motoci, har ya tara abin sayen kura. Su shida ne a ɗaki ɗaya. Duk shekara biyu yakan je gida da damina, ya yi noma, ya ga matarsa da 'ya'yansa uku, ya dawo ya fi da rama. Ba ya shan taba, ba ya cin goro. Abu ɗaya na san yana kashe wa kuɗi ba ya jin ciwo, shi ne batirin rakodarsa.

Ni sunana Sabi'u. A nan Agege aka binne cibiyata, kuma fata nake saye ina sayarwa, sana'ar da na gada wurin mahaifina. Rumfata tana bayan kwata, inda ake yanka. Ina da saurin fushi, wannan ba sai maƙiyina ya faɗa ba, ni zan faɗa da bakina. Kullum Idrissa yakan sauke mini jarka huɗu na wanke daɓe da wuƙaƙe, ni kuma nakan tsokane shi da irin Hausarsu ta Nijar. Sai ya yi murmushi ya ce, "Oga Sabi'u, mu munka riƙe Hausa, ku kun dama ta da Yarbanci." Haka muka yi shekaru. Ba abota ce ta ƙut-da-ƙut ba, amma in kwana biyu ban ga kurarsa ba nakan tambaya.

'Yan Gidan Jumare da ke Legas ba su fi mutum ashirin ba, masu gadi da 'yan dako da masu gyaran takalmi. Babu mai rubutun wasiƙa a cikinsu, saboda haka labarin gida a kaset yake zuwa. Akwai wani direban tirela, Baballe, da ke ɗauko shanu daga kan iyaka, duk zuwan da zai yi da kaset a aljihunsa na gaba. Ranar Juma'a bayan la'asar sai su taru a rumfar Mariama mai tuwo, wadda 'yar garinsu ce, Idrissa ya ɗora rakoda a kan benci. Ni ma a nan nake cin tuwon Juma'a, shi ya sa na san mutanen ƙauyen nan da murya alhali ban taɓa ganin ko ɗayansu ba. Mai gari ne ke fara magana, ya gaida kowa da suna. Sannan a shiga labari: wance ta haihu, wane ya rasu, tiyar gero ta kai kaza, ɗan wane ya kayar da zakaran maƙwabta a kokawa, jakin liman ya ɓata an same shi a gonar surukinsa. Kana jin kaji a bayan magana, ga wata tsohuwa tana ta mita a ba ta ta gaida ɗanta. A yi dariya, a mayar da kaset baya a sake ji.

Kaset ɗin da ya zo a watan Janairu na 2001 babu wanda ya yi dariya a kansa. Mai gari ya ce rijiyar gari ta rufta. Ita kaɗai ce gare su, kakanninsu suka haƙa suka tokare ta da itace, itacen ya ruɓe. Allah ya tsare babu kowa a bakinta. Yanzu sai mata sun yi tafiyar awa biyu zuwa wani gari su ɗebo, mutanen can kuwa sun fara ɗaure fuska. An kira masu haƙar rijiyar kankare sun duba, sun ce da bazara ake irin wannan aiki, lokacin da ruwa ya yi ƙasa, kuma in damina ta sauka ba a gama ba, to sai baɗi. Mai gari ya ce ba za su kai baɗi ba, gida uku sun riga sun fara ɗaure kaya. Daga ƙarshe aka ba matar Idrissa, Balkissa. Gaisuwa kawai ta yi, ta ce lafiya lau suke, amma kana jin yadda take mayar da numfashi. Cikinta wata bakwai ne a lokacin, kuma saukar da tulunta ke nan aka ce ta zo ta yi magana. Idrissa ya kashe rakoda, ya daɗe yana kallon jarkokinsa a cike a bakin rumfa.

Nan take aka kafa gidauniya. Mariama ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa, kowa ya jefa abin da ke aljihunsa, ni ma na jefa. Abin da ya taru ko siminti buhu goma ba zai saya ba. Ba rowa ba ce. Wata uku ke nan da rikicin Oktoba, da aka yi kwanaki ana faɗa da ƙone-ƙone tsakanin Yarbawa da Hausawa a unguwannin Legas. Waɗansu an ƙona musu kaya, waɗansu sun gudu gida sun dawo hannu rabbana. Gari kuma zaman ɗar-ɗar ake yi, ko tayar motar haya ta danfo ce ta fashe sai ka ga mata sun kwashi yara sun yi cikin gida.

Idrissa ne ya kawo shawarar fatun layya. Babbar Sallah za ta faɗo farkon Maris. Ya ce gidajen da yake kai wa ruwa sun fi ɗari, kowane gida za a yanka rago, waɗansu biyu, kuma fatar layya dama sadaka ake yi da ita. Shawara ce mai kyau, ni kaina na yi mamakin yadda ba ta zo wa kowa ba sai shi. Amma akwai aiki a cikinta, don Yarbawa da yawa ba sa feɗe ragon Sallah, babbaka shi suke yi su ci har da fatar, a wurinsu ita ce ma daɗin. Haka Idrissa ya yi wata guda yana bin gidaje da guntun Yarbancinsa, yana roƙo a bar masa fata, shi da mutanensa za su zo su yi fiɗa kyauta. Inda aka yi masa gardama sai ya sauke jarka biyu ya ce sadaka ne, washegari ya sake dawowa da maganar. Wani tela sai da ya sha ruwan sadaka na mako guda kafin kunya ta kama shi. Har wata Alhaja, Bayarbiya mai gidajen haya, ta ba shi aron wani fili nata da aka zuba yashi ba a fara gini ba, ta ce ya tara fatunsa a can.

Saura kwana uku Sallah ya zo rumfata, ina tare da abokan sana'a muna shan shayi. Ya ce yana sa ran fata ɗari biyu ko fiye, nawa zan saya? Na yi masa tayi. Ba zan yi ƙarya ba, tayin ranar Sallah na yi masa, ranar da fata ke yin arha ta banza don kowa na neman mai kwashe ta. Ya yi lissafi da yatsu, sannan ya ɗago.

"Oga Sabi'u, wanga tayi naka ko igiyar guga ba ya saye."

Aka kwashe da dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, na sani, amma a gaban mutane ne, kuma a cikinsu akwai waɗanda dama ke cewa ina danne talaka. Na ji kunnuwana sun yi zafi.

"To ka nemi mai ƙara maka," na ce.

"A'a, ba haka za a yi ba. Shanya su za ni yi, yadda muke yi gida. In sun bushe Baballe shi ɗauke su cikin kamiyo nai, motar shanun nan, tunda wayam yake komawa, a kai ma majema Kano. An ce can sun hi daraja ninki biyu."

"In ka ga dama ka kai su Makka," na ce, na juya masa baya.

Dole in yi bayani a nan don wanda ba ɗan sana'a ba. A Arewa, da bazara, in ka feɗe dabba sai ka kankare kitse, ka miƙe fatar a ƙasa ka kafe ta da tsinke. Iskar can busasshiya ce, kwana ɗaya biyu fata ta bushe ƙamas, ka naɗe ka ajiye ko shekara ce. Haka kowa ke yi a Gidan Jumare, haka Idrissa ya ga ubansa na yi. A Legas kuwa iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, ko wanki sai ya wuni da danshi. Rana za ta ƙeƙashe saman fatar, cikinta kuwa yana nan yana ruɓewa. Mu gishiri muke sa mata tun ranar yanka, a barbaɗe shi sosai, a ninke, a jera a inuwa. Ba wani sirri ba ne, duk ɗan rumfa ya sani. Amma Idrissa a ƙofa yake sauke mini ruwa ya wuce, bai taɓa leƙa ciki ba. Tun da ya ce shanya na san abin da zai faru. Kalma ɗaya ce a bakina, na haɗiye ta da shayi.

Ranar Sallah ko zama bai yi ya ci nama ba. Ana saukowa Idi su ashirin suka watsu da wuƙaƙe, gida-gida suna fiɗa, shi kuma yana bi da kura yana kwasa, ya sauke jarkokin ya bar su a ɗaki. Washegari ma haka, don waɗansu sai rana ta biyu suke yanka. Fata ɗari biyu da arba'in da ɗaya suka tara.

Da yammacin washegarin na bi ta wurin, ba don hanyata ce ba. Filin Alhaja ya cika maƙil, fata a jere layi-layi, kowace an kankare ta tas an kafe ta da tsinke takwas. Aiki ne mai kyau, wallahi, da a Tasawa ne babu mai kushe shi. Ƙudaje sun riga sun fara taruwa a kan na jiya. Na ɗaga kai na ga sama ta yi wani irin nauyi ta wajen teku. A lokacin ina da gishiri buhu goma sha huɗu a rumfa. Idrissa ya hango ni daga can ƙarshen fili, ya ɗaga hannu, fuskar nan cike da fara'a.

"Barka da Sallah, Oga. Ka ga aiki?"

"Na gani," na ce. "Barka da Sallah."

Na wuce. A raina cewa na yi bari ya kwana ɗaya, gobe da ƙafarsa zai zo ya same ni a gaban mutanen nan da suka yi dariya, sannan in buɗe masa gishiri. Abin da na gaya wa kaina ke nan, har na ji daɗinsa.

Bai zo ba, don bai san akwai abin zuwa nema ba. Ruwa ne ya zo. Da hantsin rana ta uku hadari ya taso, ruwan farko na shekara, ya riƙa zuba kamar da bakin ƙwarya. Ina rumfa ina jin sa a kan kwano, hankalina duk yana filin nan. Daga baya aka ba ni labarin yadda suka yi ta gudu suna tuge tsinkaye, suna tara fatu a jikin katanga suna rufewa da leda da tabarmi da rigunansu. Wannan tarawar ita ta ƙarasa su. Fata ɗanya a jiƙe, an ɗora wata kan wata an lulluɓe, sannan rana ta buɗe da zafinta. Sau biyu na miƙe na sa takalmi, sau biyu na koma na zauna. Fushin ya riga ya tafi, kunya ce ta riƙe ni, don ban san da wane ido zan je in ce na san magani tun kafin Sallah ba. Da na koma gida matata ta tambaye ni me ya hana ni cin abinci, na yi mata faɗa a kan gishirin miya.

Da safiyar rana ta huɗu Mariama ta faɗo rumfata ko sallama babu, ɗankwali a hannu.

"Sabi'u, tashi maza. Mutane sun taru hilin Alhaja. In ba a yi wani abu ba za a zubda jini."

Tun daga bakin titi wari ya tare ni, ni da na girma a cikin warin fata sai da na toshe hanci. Masu shaguna sun fara jan ƙofofi, 'yan okada masu babur suna juyawa tun daga kwana. A bakin filin mutum ya fi hamsin, maƙwabta ne, mata a baya da hannu a hanci, samari a gaba, ɗayansu riƙe da galan na kananzir. Suna cewa an kawo musu annoba unguwa, yara na ta amai, sai an cinna wa tarin wuta. Tsakaninsu da fatun kuma ga Idrissa da mutanensa a tsaye. Abin da ya fi tsorata ni shi ne hannuwansu. Tun asuba suke ƙoƙarin sake kankare fatun, kowa da wuƙar fiɗa a hannu, har sun manta suna riƙe da ita. Su a ganinsu kayan sadaka suke tsarewa. Wanda ya tsaya daga wancan ɓangare kuwa, Hausawa yake gani su goma sha wani abu da wuƙaƙe, wata biyar kacal bayan Oktoba. Na ga wani saurayi ya sunkuya ya ɗauki rabin bulo.

Na ratsa ta tsakiya. Ban kalli taron ba, wurin Idrissa na nufa.

"Ajiye wuƙar nan."

"Ƙone su za su yi, Oga. Rijiyarmu ce."

"Na ji. Ajiye ta a ƙasa, a hankali, kowa ya gani. Ka ce su ma su ajiye."

Ya dubi hannunsa kamar ba nasa ba. Ya daɗe, ko kuwa ni ne na ga daɗewar. A bayana ina jin ana buɗe murfin galan. Sannan ya sunkuya ya ajiye ta a kan yashi, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mai bulo bai yar ba, amma ya sauke hannu.

Alhaja tana zaune a kan kujera a ƙofar gidanta da ke kallon filin, ta ɗaure hanci da gefen gyale. Na je gabanta na zube ƙasa yadda 'ya'yan Yarbawa ke yi, na yi mata Yarbanci da ƙarfi don taron ya ji. Na ce mutanen nan baƙi ne, yadda ake yi a garinsu suka yi, ba su san iskar Legas ba. Na ce ni ɗan unguwar nan ne, ta san mahaifina, fata sana'ata ce, a ba ni zuwa la'asar, in ba a daina jin wari ba a ƙone har da rumfata. Mai kananzir ya ce ƙarya ne, haka muke cewa kullum. Alhaja ta daka masa tsawa, ta tambaye shi ko shi ya saya mata filin. Sannan ta juyo gare ni.

"Fatar ragona ma tana ciki," ta ce. "Ban ci ta ba don ya ce mini mata za su sha ruwa. Zuwa la'asar, Sabi'u. In ta wuce, ni da kaina zan kira duba-gari."

A kurar Idrissa muka ɗauko gishirin, sahu uku. Na zauna a kan bulo aka riƙa miƙo mini fata ɗaya-ɗaya. Gwajin ba wuya, babban yatsa za ka sa ka murza gashi. In gashin ya tsaya, fata na da rai, a wanke a zuba gishiri. In ya biyo yatsa ya bar wurin fari, ta mutu, ko bajemin da ya fi kowa ba zai tashe ta ba. Masu rai a dama, matattu a hagu. Mariama da sauran suna durƙushe suna goga gishiri har hannuwansu suka tsage. Taron bai watse ba, sun koma inuwa suna kallonmu suna kallon rana.

Idrissa ne ke miƙowa, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne duk ya san su. "Wagga ta gidan liman ce." Na murza, gashi ya biyo. "Wagga ta tela ce, shi da bai taɓa barin a heɗe rago nai ba sai bana." Hagu. "Wagga ta Alhaja ce." Babban rago ne baƙi mai farin goshi. Na murza a wuya, na murza a gadon baya, na sake neman wani wuri, ina jin idonta a kaina daga ƙofa. Na jefa ta hagu. Idrissa ya miƙo ta gaba. Wajen azahar na lura ya daina faɗin sunaye.

Tamanin da bakwai suka tsira, yawancinsu yankan rana ta biyu. Sauran shi ya tura su a kurarsa zuwa juji, aka haƙa rami aka binne. Muka kwashe saman yashin, muka watsa toka da kananzir ɗin saurayin nan, wanda daga ƙarshe shi ya miƙo da kansa yana kawar da kai. Ana kiran la'asar muna sharar ƙarshe. Alhaja ta cire gyale daga hanci, ta shaƙi iska, ta ɗauki kujerarta ta shiga gida.

Fatun da suka tsira ni na saye su a farashin Kano, ban ci ko sisi ba, kuma kada wani ya yaba mini. Da aka haɗa da na gidauniya ya isa siminti da rodi. Bai isa ladan masu haƙa ba, su da suka san yadda ake tokare ƙasa kafin a shiga ƙarƙashinta. Na zaga abokan sana'a, kowa ya ce Oktoba ta karya shi, kuma gaskiya suka faɗa. Ranar Juma'a a rumfar Mariama aka yi ta shawara, wani ya ce a jira baɗi, wani ya ce a sake bin gidaje. Idrissa ya ce babu baɗi. Ya ce yana saurayi ya taɓa taya masu haƙa jan ƙasa, ya ga yadda ake yi, shi zai shiga, samarin gari su ja masa guga. Na ce masa haƙar rijiya a yashi ba turin kura ba ne. Wannan karon na faɗa, har da ɗaga murya da buga benci. Ya ce ya ji, amma Baballe ya zo da labari Balkissa ta sauka, kuma ruwan wankan jego ma sai an roƙa mata. A satin ya sayar da kura da jarkokin duka, ya ƙara a kan na siminti.

Na raka shi inda tirelolin shanu ke tsayawa. Rana ce tsaka, Baballe na ƙarƙashin mota yana duba taya. Kayan Idrissa duka buhu ɗaya ne. Na ja shi gefe, don na san in ban faɗa ranar ba, ba zan taɓa faɗa ba.

"Idrissa, ranar da na wuce ta filin nan na san za su ruɓe. Tun ranar da ka ce shanya na sani. Gishiri na rumfa, na yi shiru."

Ya gyara buhun a kafaɗa. "Na sani, Oga."

"Ka sani?"

"Ba ran nan ba. Ran da munka tahi ɗaukar gishiri na ga buhunan, na ga ba sabbi ba ne. Sai na tuna yadda ka ɗaga kai ka dubi sama."

"Me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Aiki na gabanmu, la'asar na tahowa. Kuma ni na hwara, na ba ka kunya cikin mutane." Ya miƙo mini hannu. "Ka yahe mini wagga, ni na yahe maka waccan."

Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Na riƙe hannunsa, tafin duk kanta, har Baballe ya danna hon.

Afrilu ya wuce, Mayu ya wuce, babu labari, don an sauya wa Baballe hanya yana kai shanu wani gari. A Legas ruwa kullum. Duk ranar da hadari ya taso sai in kama tunanin kwana nawa ya rage ya isa Arewa, in wuni ina faɗa da mutane ba gaira ba dalili. Sai tsakiyar Yuni na hango tirelarsa a kwata. Ban jira Juma'a ba, na same shi yana wanke fuska da buta a jikin mota.

"An samu ruwa," ya ce tun kafin in tambaya. "Zurfinta gaba ashirin da uku. An ɗaure ta da siminti har baki, kwana biyar kafin ruwan shuka. Ni kaina na sha, garai-garai. Gida ukun nan ma sun kwance kaya."

Na yi hamdala, na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda ya yi wata uku a wurin. Har dariya na yi. Na ce to shi gogan yaushe zai dawo, in ya zo ni zan saya masa sabuwar kura, jarka goma sha biyu, duk sababbi.

Baballe ya tsaya da butar a hannu, ya dube ni.

"Ashe ba ku ji ba. A gaba na sha tara gefe ya zubo masa, sai da aka wuni ana tono. Samarin ne suka ƙarasa sauran. An kai shi asibiti Maradi, rai ya tsira." Ya zubar da sauran ruwan a ƙasa. "Ka bar maganar kura, Sabi'u. Ƙafar dama ce, daga gwiwa aka yanke."